Ranar da Kaina Ya Shiga Hannun Umma

Walida, na san ba a saba ganin mace mai shekaruna ta zauna rubuta tarihinta ba. Aiki ne na waɗanda furfura ta rufe musu kai, waɗanda suka aurar har suka goya jikoki. Ni kuwa ga ki nan a gefena kina barcin rana da yatsa a baki, ko baƙi ba ki fara ganewa ba. Amma na ga yadda mutum yake tafiya da maganarsa a ciki ba tare da ya yi niyyar haka ba, shi ya sa na fara da wuri. Idan kin girma za ki ji dangi suna cewa ni da Umma ba mu shaƙu ba, wai zaman baƙunta muka yi har Allah ya karɓi abarsa. Ba ƙarya suke yi ba, abin da idonsu ya gani suke faɗa. Wannan babin na abin da ba su gani ba ne.

Ni ce 'yar farin Umma. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a Kano, uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da cinsa ko shansa. Da aka yaye ni sai aka kai ni wurin Iya, mahaifiyar babana, a Tudun Murtala, a can na tashi. Umma tana Kaura Goje, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma sai da na shiga firamare na gane cewa matar nan mai dogayen yatsu da ake kai ni gaishe ta ranar Sallah ita ta haife ni. Idan na shiga sai ta ɗauke kai, ta tambayi ƙannena ko an zuba wa baƙuwa abinci. Idan dole ta ambace ni, sai ta ce "ta Iya". Sunan Umma ne kike ɗauke da shi, shi ya sa ni ma bakina ba ya iya kiranki da shi, nake ce miki Walida.

Sana'ar Umma kitso. Tsakar gidanta ba ya rabuwa da mata, ƙarƙashin darbejiyar nan da babanmu ya sha cewa zai sare bai sare ba. Tabarma biyu, kwalbar man kitso, mataji mai haƙora uku da suka karye, da kibiyarta ta ƙarfe wadda ba ta yarda kowa ya taɓa. A nan na fara jin daɗin Hausa, ba a aji ba. Mace ta sunkuyar da kai tana ba da labarin rikicin gidansu, Umma tana ja tana tsokaci, sauran suna shewa. Da hannunta a cikin gashi Umma ba ta da na biyu wajen zance. Amare sun bi ta hannunta, masu jego, 'yan makaranta ranar Lahadi da yamma, ƙannena Zainab da Hauwa kowane mako. Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina kallo, da kitson da wata mata a layin su Iya take yi mini, mai zafin hannu. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na tarar da duniya, kamar yadda na tarar rana tana fitowa ta bayan gidan Iya.

Shekarar da zan ba ki labari ita ce ta farkon aurena. Muna zaune a Badawa ni da babanki, ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata, kuma ina da ƙaramin cikinki wanda daga ni sai shi muka sani. Tun ina makaranta nake rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, amma ko ɗaya bai taɓa fita daga ɗakina ba. Burina a duniya a lokacin shi ne in ga sunana a bangon littafi, in shafa shi da hannuna. Sai tsohuwar malamata, Malama Rifkatu, ta kira ni. Mutuniyar Wusasa ce ta Zariya, Kirista, ta yi rayuwarta tana koyarwa a Kano har ta ajiye aiki, tana zaune a gidan da mijinta ya bar mata a Nassarawa GRA. Ta ce za ta tara mata a gidanta daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, bibbiyu, babba da yarinya, kowane biyu su haɗu su rubuta ɗan littafi guda a kan abin da babbar ta sani. Ranar ƙarshe edita zai zo daga wani kamfanin ɗab'i ya zaɓi ɗaya a buga. Ta ce ni da mahaifiyata take so, a kan kitso.

Na ce mata hakan ba zai yiwu ba, na yi mata bayanin kunya. Ta ce shekararta nawa a Kano da zan koya mata kunyar Kanawa, in bar ta da Umma. Ita da kanta ta je Kaura Goje. Zainab ce ta ba ni labarin yadda aka yi: tun daga zaure Malama ta fara cewa ta zo ganin Bakanuwar da aka ce ta iya kitso, don ita dai ba ta taɓa ganin Bakano ya iya wani abu ba sai ciniki. Kin san tsakanin Kanawa da Zazzagawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Umma ta ce a shimfiɗa wa baiwarta tabarma a can nesa. Kafin la'asar sun zama kamar waɗanda suka yi ƙuruciya tare. Saƙon da ya iso ni ta bakin Zainab gajere ne: "Ki ce wa ta Iya ta biyo ta nan ranar Juma'a."

Har yanzu idan na rufe ido ina ganin gidan nan. Tsohon gini ne mai faɗin baranda, da rufi mai tsawo, da bishiyoyin mangwaro da suka girmi duk wanda ke cikinsa. Damina ta kusa ƙarewa, ciyawa ta yi shar, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta tagogi. Titin unguwar shiru, sai kukan kurciya da ƙarar buɗe ƙofar wani gida can nesa. Ni abin ya tafi da ni, na ji kamar an saka ni cikin ɗaya daga waƙoƙina. Umma kuwa ta tsaya a tsakiyar farfajiya da jakarta a hannu, ta saurara, ta saurara.

"Su mutanen nan ba sa daka ne?" ta tambayi Malama. "Ko rasuwa aka yi?"

"Hutu ake kiransa, Hajiya. Ku a Kaura Goje ba ku san shi ba."

An ba mu ɗaki ɗaya mai gado biyu da tebur a bakin taga. Tun da na yi wayo ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Ta zaɓi gadon da ke kusa da ƙofa, ta juya fuskarta bango.

Aikin ya ƙi tafiya. Na buɗe kwamfuta, na jero tambayoyin da na shirya tun daga gida, ita kuma tana zaune a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya, idonta a ƙasa, kamar wadda aka kai gaban alƙali. Na tambaye ta yadda ake shuku, ta ce shuku dai shuku ne, a tattara a kai tsakiya. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta ce gani ta yi. Na tambaye ta wace amarya ce ba za ta manta ba, ta ce duk amare ɗaya ne. Daga sauran ɗakunan muna jiyo dariya da gardama. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da jikarta har waƙa suke yi. Mu kuwa sai ƙarar fanka. Da na ga haka sai na shiga cike gurbin da kaina. Na rubuta cewa tsagar kitso kamar kunyoyin gona ce bayan ruwan farko, na rubuta cewa kan mace taswira ce ta garin da ta fito. Na ji daɗin jimlolin, har ina maimaita su a zuci.

Ranar Asabar bayan azahar editan ya leƙo don ya ga inda kowa ya kai. Malam Bashir sunansa, siririn mutum mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya karanta shafukanmu a tsaye, ya mayar mini.

"Hausarki tana da daɗi, Malama," ya ce. "Amma an ce mini ku biyu ne. Ni mutum ɗaya nake ji a nan, kuma ba ita ce mai kitson ba."

Na fita bayan gida na tsaya ƙarƙashin mangwaro don kada a ga idona. A nan Malama Rifkatu ta same ni. Ba ta rarrashe ni ba, hannuna ta ja zuwa tagar falo ta ce in leƙa. Umma tana zaune ita kaɗai a kan kujera, hankalinta yana wani wuri, yatsunta kuwa sun kama zaren da ke lilo a gefen mayafin tebur suna kitsa shi, ɗaya bayan ɗaya, har ta kusa zagaye teburin. Malama ta ce na zaunar da mace hannu sake ina jiran ta yi magana, alhali bakinta a yatsunta yake. A ba ta kai kawai.

Muka shiga, Malama ta faɗa mata. Umma ta ce to Bazazzagiya ta kawo nata kan. Malama ta zame ɗankwali, ga kai a aske ƙwal, furfura ta fito kamar an barbaɗa gishiri. Umma ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi a kusa da ni ba, ta ce wannan ai ko ƙuda sai ya zame. Malama ta ce sauran matan kowa tana kan aikinta, kai ɗaya ne ya rage a gidan, ta nuna ni da haɓa. Dariyar ta tsaya. Umma ta miƙe ta ce lokacin la'asar ya yi. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Ina zaune a barandar baya bayan na idar da tawa sallar sai na ji an jefa tabarma kusa da ni. Umma ta janyo wata 'yar kujera, kibiyarta a hannu. Ashe ko ina za ta, da ita take tafiya.

"A tsefe," ta ce, ba tare da ta dube ni ba.

Na tsefe da sauri. Na gaya mata zan kunna waya ta ɗauki maganarmu tunda ba zan iya rubutu a sunkuye ba, ta ce a kunna. Na zauna a tsakanin gwiwoyinta, na ba ta baya. Walida, ina da aure, ina da ciki, ina koyar da 'yan mata da suka fi ni tsawo, amma da tafin hannunta ya sauka a tsakiyar kaina sai na ji duk wannan ya zube. Hannunta yana da sanyi, yana ƙamshin man kaɗanya. Ta karkatar da kaina hagu, ta karkatar dama, kamar mai duba ƙwarya a kasuwa, ta yi tsaki ta ce duk wadda take yi mini kitso ba ta da tausayi, ta cinye mini gaban goshi. Sai kibiya ta ja tsagar farko, bakin Umma ya buɗe.

Ta yi maganar doka irin ta da, da ake cusa tsumma a ciki don ta yi tudu, da yadda mata suke kwana a kife don kada ta lalace. Ta yi maganar kwando da kalaba, da kitson zane da ake yi wa mai jego sako-sako saboda kanta ba ya son ja. Ta ba ni labarin amaryar da ta yi barci ana yi mata kitso har ƙawaye suka zaci suma ta yi, da matar da take zuwa duk ranar da suka yi faɗa da miji, ta ce a ja da ƙarfi don ta sami dalilin kuka. Ta faɗi yadda take gane mace tana cikin damuwa tun kafin ta yi magana, daga taurin wuyanta. Ba ni take yi wa magana ba, kan da ke gabanta take yi wa, kamar yadda ta saba. Ni kuma ina tsoron kada in motsa ta tuna ko kan wa ne.

Ta kai rabi, rana ta yi sanyi. Sannan ta tambaya ko ana tune da wata tsohuwa, Baba Ladi, da ke gidan da ya haɗa katanga da na Iya. Na ce ina tune da ita. Ƙaramar tsohuwa ce mai cin goro, gashinta bai cika tafin hannu ba, amma kullum da sabon kitso, har yaran layi suna tsokanarta wai sabon miji take nema.

"Ni nake yi mata," Umma ta ce.

Daga nan ba ta tsaya ba, kuma hannunta bai tsaya ba. Ta ce ranar da aka zo ɗaukar yarinyar, wato ni, ita aka aika gidan maƙwabta don kada a rabu a gabanta, ta dawo ta tarar da ɗaki an share, sai takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Ba ta yi kuka ba, don gidan cike yake da dangin miji, kuma duk wadda ta yi kuka a kan ɗan fari ta zama abin zance har ta tsufa. Ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, aka ce ruwan nono ne, zai wuce. Ya wuce, amma kunnenta ya ƙi daina jiran kukan da ya saba. Zuwa gidan Iya ba dalili kuwa ba abin yi ba ne; za a ce ta biyo 'ya, ko a ce ba ta yarda da riƙon uwar miji ba. Sai wata rana a gidan biki ta ji an ce wannan tsohuwar maƙwabciyar Iya ce. Ta matsa kusa da ita, ta yaba gashinta, ta ce irin wannan gashin ba a barinsa haka, ita za ta riƙa zuwa har gida. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta zo.

"Gashin da zan gama kafin a tafasa ruwa," in ji Umma, "sai in wuni a kansa. In kitsa in tsefe, in ce bai yi ba. Ita kuma ta sani. Ba ta taɓa tambayata ba. Da na shigo sai ta ce a kai tabarma jikin katanga, wai nan ya fi inuwa. Ba wata inuwa a wurin."

Ta bayan katangar nan ta ji yarinyar ta fara haɗa magana. Ta ji ranar da ta faɗi a bakin rijiya ta fasa leɓe, Umma ta miƙe tsaye da kibiya a hannu, Baba Ladi ta riƙe mata zane ta ce zauna, kakarta tana nan. Ta ji tana rera karatun allo tana kuskure a wuri ɗaya kullum. Ta ji tana zaune ita kaɗai tana yi wa kaji wa'azi. Shekaru tana wannan zuwa, ta ƙofar baya, da lulluɓi har goshi, har tsohuwar ta rasu aka sayar da gidan.

"Yarinyar akwai surutu," ta ce. "Ban san inda ta kai shi ba da ta girma."

Hawaye yana zuba a kan zanena, ban share ba don kada ta ga hannuna ya tashi. Ta kitse jelar ƙarshe, ta dafa kaina da tafin hannu biyu ta ɗan danna, kamar yadda take yi wa kowa idan ta gama, ta ce an gama, a tashi. Ta shige ciki. Ban ko tambayi sunan kitson ba. Sai da na duba madubi na ga kwando ne, ƙanana, irin wanda take yi wa amare.

Bayan magariba na saka abin sauraro a kunne na kwashe maganarta kaf. Na goge kunyoyin gonata da taswirata, na bar muryarta yadda take. Labarin Baba Ladi ya zama babi na ƙarshe. Malama Rifkatu ta karanta a kan kwamfutar, ta cire tabarau ta goge, ta ce in ba a zaɓi wannan ba to ita ba ta san littafi ba. Na kwanta ina ganin bangon littafin a idona, sunan Umma a sama, nawa a ƙasa.

Da hantsi ranar Lahadi, Malama ta tafi coci, gidan ya yi tsit. Na sami Umma a bayan gida tana tsinkar ganyen zogale a cikin mayafinta, wai ba za ta iya kallonsa yana lalacewa ba. Na tsaya a gefenta na ce na gama haɗa littafin, ko in karanta mata. Ta ce ba sai na karanta ba. Ta ci gaba da tsinka.

"Maganar tsohuwar nan ta jiya," ta ce, "ba ta littafi ba ce."

Na ce mata ita ce littafin. Na faɗi abin da Malama ta ce, na faɗi abin da editan yake nema, na ce babu abin kunya a ciki, duk wanda ya karanta sai ya ƙara ganin girmanta. Na yi magana mai yawa, fiye da duk wadda na taɓa yi mata a rayuwata. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta san abin da ke sa littafi ya yi kyau ba, kuma ba za ta hana ni ba, tunda ni na sha wahalar rubutawa. Amma Iya tana da rai. Iya ba ta karatu, sai dai jikokinta suna yi, kuma a cikin dangi ba a rasa mai kai labari. Matar da ta tashi tsakar sanyi ta dafa mini ruwan wanka, ta sayar da akuyarta ta saya mini kayan makaranta, za a je a gaya mata a ƙarshen rayuwarta cewa duk shekarun nan surukarta tana laɓe a bayan katanga tana sauraron yadda take riƙo.

"Ba don ban yarda da ita ba nake zuwa," ta ce. "Amma wa zai tsaya ya yi mata wannan bayanin?"

Sai ta dubi wayar da ke hannuna, ta tambaya ko muryarta tana ciki har yanzu. Na ce tana ciki. Ta ce abin nan yau yana hannunka, gobe yana hannun duniya. 

Na zauna a kan wani kututture na daɗe. Ina jin nauyin sabon kitson a kaina, yana ɗan ja ta wajen ƙeya. Na san idan na karanta babin nan da rana za a zaɓe mu, kuma na san Umma ba za ta taɓa yi mini ƙorafi ba, za ta koma ta ɗauke kai ne kawai kamar da. Na buɗe kwamfutar a gabanta na goge babin. Na ɗauko wayar, na nuna mata layin muryar, na danna, ya ɓace. Ta kalli wurin da yake a da, ta gyaɗa kai.

"Ranar da ba ni, ba Iya," ta ce, "bakinki naki ne."

Yanzu babu su duka biyun. Umma ce ma ta riga tafiya, kina rarrafe. Iya ta bi ta ba da jimawa ba, kuma ta tafi da zuciyarta fes game da surukarta. Ban yi nadama ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai ranakun da nake ɗaukar waya in yi ta dubawa kamar wadda ta manta inda ta ajiye abu. Wannan ce kaɗai muryar Umma da aka taɓa ɗauka. Abin da na rubuta miki a sama daga ƙwaƙwalwata ne, kuma ita ta fi ni iya faɗarsa nesa ba kusa ba.

Bayan azahar aka taru a falo, kowane biyu suka karanta nasu. Na karanta babin doka da na matar da take zuwa a ja mata gashi, aka yi dariya sosai, Umma ta rufe fuska da mayafi. Malam Bashir ya ce yanzu kam ya ji mai kitson. Ya juya shafin ƙarshe, ya duba bayansa, ya ce littafin ya tsaya ne kamar an katse shi, ko akwai saura? Malama Rifkatu ta zuba mini ido daga inda take zaune. Na ce babu saura. Littafin ma'aikaciyar jinya da jikarta aka zaɓa, kuma ya cancanta. Yana nan a kan kantata, za ki karanta. Namu daga baya na kai shago aka buga mini 'yan kwafi aka ɗinke da zare, na raba wa ƙannena.

A bakin ƙofa Malama ta riƙe ni ta tambaye ni a hankali ina babin. Na ce mai shi ta karɓi abinta. Ta dubi Umma, ta dube ni, ta girgiza kai ta ce Kanawa dai ba a raba su da ɓoye dukiya. Umma ta ce gara su, Zazzagawa ko ta ɓoyewar ba su da ita. Suka rungumi juna, Malama ta cusa mata ƙullin zogalen da ta manta a baranda.

Muka tari adaidaita sahu. Muna fita daga inuwar unguwar, hayaniyar gari ta dawo mana gaba ɗaya, masu gasa masara, masu gyaran taya, yara suna bin ƙwallo. Umma ta saki ajiyar zuciya kamar wadda ta fito daga ruwa. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gefensa. Tana kallon titi ta tambaya ko saboda babin nan ne ba a zaɓe mu ba. Na ce wataƙila. Muka kusa kwanar da zan sauka. Ban gaya mata ina da ciki ba, kuma ko na gaya wa duniya ita ce ta ƙarshe da al'ada za ta bari ta ɗaga maganar. Mai adaidaita ya fara rage gudu, sai na ji hannunta a kan gwiwata, idonta yana waje.

"Abin da ke jikinki," ta ce, "idan Allah ya sauke ki lafiya, kada ki ba kowa riƙo. Ko ni ce na roƙa."

Na sauka, suka wuce da ita, ba ta waiwayo ba. Da lokacin yayenki ya yi, goggonninki sun zo har gida da zanen goyo, kamar yadda aka saba. Na ba su abinci, na raka su bakin titi, na dawo da ke a bayana.